Baƙar Jaket a Bakin Maƙabarta

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Juma'a wani mutum ya faɗo ofishin 'yan sanda a kan babur, ko sallama bai yi ba.

"Gawa! An yar da gawa a bakin maƙabartar Kanyar Maje!"

Insfekta Abdulkabir ya ajiye kofin kokonsa, ransa a ɓace. Shekararsa goma sha tara a aikin ɗan sanda, kuma abu biyu ne ba ya yafewa: ƙarya, da a tashe shi daga kan karin kumallo. Ya kira Kofur Ramlat da kurata biyu, suka hau tsohuwar motar sintiri.

Kanyar Maje ƙauye ne tsakanin Makoda da Ɗambatta, gida na jingine da gona, gona na jingine da gida. Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsayi, motar tana tafe ganye yana marin gilashinta.

A bakin maƙabarta suka tarar da jama'a sun fi ɗari biyu. Kowa ya tsaya nesa yana a'uziyya, amma babu wanda ya tafi gida. Mutanenmu ke nan, tsoro fal ciki, ido kuma ya ƙi ƙoshi.

A gindin wata tsamiya abin yake kwance, an lulluɓe shi da baƙar jaket ta fata. Kafaɗunta duk ƙusoshin ƙarfe ne masu tsini, sarƙoƙi biyu na reto a gefe, a bayanta kuma an ɗinka hoton ƙoƙon kan mutum da farin zare.

Insfekta ya sa sandarsa ya ɗage jaket ɗin. Baƙin bunsuru ne, yankakke.

Ya juyo ya dubi mutumin da ya kai rahoto, tun daga hula har takalmi.

"Wannan ce gawar da ka hana ni shan koko a kanta?"

Mai unguwa Sama'ilu ya matso, dogon mutum mai son a ji muryarsa.

"Yallaɓai, ai wannan ta fi gawa muni. Tsafi ne, a kan iyayenmu da ke kwance. Kuma mun san mai shi. Duba wuyan rigar."

Insfekta ya duba. An liƙa wani ɗan ƙyalle, an rubuta Baƙar Ƙaya.

"Sunan shagonta ke nan," in ji mai unguwa. "Zakiyya, 'yar marigayi Muhammad Auwal baduku. Shekara uku ke nan da ta dawo daga Kano ta buɗe mana wannan masifa. Tana ɗinka wa 'yan ƙungiyar asiri kaya, muna magana ana cewa hassada ce. To yau ga shi. Mun yanke, ana sallame Juma'a za ta bar garin nan. Shagon kuwa, matasa sun ce ba zai kai la'asar ba."

"Kun yanke? Yaushe aka naɗa ka alƙali?"

"Ni dai na faɗa maka abin da ba zan iya tarewa ba."

Insfekta ya kalli taron. Can baya wani ƙato yana riƙe da jarkar fetur, ko ɓoyewa bai yi ba. Su 'yan sanda huɗu ne, kuma ya san ko ya nemi ƙarin ma'aikata ba za su iso kafin azahar ba.

Wani dattijo siriri ya fito daga cikin mutane, carbi a hannu, hawaye a ido. Aka ce Malam Hashimu ne, ƙanin mahaifin Zakiyya, shi ma baduku.

"Yallaɓai, 'yata ce," ya ce, muryarsa tana rawa. "Ni na koya mata riƙe basilla tun tana shekara tara. Amma addini ya fi jini. Duk abin da gari ya yanke, ban da ta cewa."

Jama'a suka ɗauki kabbara. Insfekta ya tsuguna kusa da bunsurun ya daɗe yana kallo.

An kwantar da dabbar a kan haƙarƙarinta na hagu, fuskarta gabas. A ƙarƙashin wuyanta an haƙa ɗan rami, jinin duk ya taru a ciki, har an ɗan tura ƙasa a kai. Yankan kuwa tsaf, ja ɗaya, irin na hannun da ya saba.

Ya miƙe ya yi wa Ramlat magana ƙasa-ƙasa.

"Kofur, kin taɓa ganin matsafin da ya nemi alƙibla kafin ya yanka wa aljanu?"

"Ban taɓa ba, Yallaɓai."

"Har da ramin jini, kamar ranar suna. Naɗe rigar nan, mu je."

Shagon Zakiyya yana bakin hanya. Tsohon zauren mahaifinta ne ta yi wa siminti da rufin kwano. Tun da asuba an yi ta jifansa, duwatsu zube a ƙofa, wani marar tarbiyya har ya shafa kashin shanu a jikin allon sunan.

Ciki kuwa baƙi ne ko'ina. Jaket-jaket a rataye, takalma masu dogon wuya, bel mai ƙusoshi, ƙananan jakunkuna masu sarƙa, dogayen riguna na baƙin leshi. Kekunan ɗinki takwas ne a jere, bakwai babu kowa a kansu.

A kan na takwas Zakiyya take zaune, cikin baƙin hijabi, almakashi a hannunta. Ba za ta wuce shekara ashirin da bakwai ba. Ba ta tashi ba, ba ta gaishe su ba.

"Kun zo kama ni ne, ko kun zo kallon wuta?"

"Ajiye almakashin nan ki ba ni amsa," in ji Insfekta. "Ina ma'aikatanki?"

"Mazajensu sun hana su fitowa."

"Wa ke sayen waɗannan tarkacen?"

"Tarkacen nan ne suke ciyar da gida bakwai a garin nan. Masu kiɗan rok ne ke saya, daga Legas da Abuja, da 'yan matan da ke son shigar da suke kira gotik, komai baƙi. Su ga hoto a shafina, su turo awo ta waya, in ɗinka, Basiru ɗan acaɓa ya kai min tashar Ɗambatta. Shi ke nan asirin."

"Ƙoƙon kan mutum fa?"

"Farin zare ne, Yallaɓai. Kowa a garin nan yana yawo da guda ɗaya a ƙarƙashin hularsa, ban ga an kore shi ba."

Ramlat ta juya baya don kada a ga bakinta. Insfekta ko murmushi bai yi ba.

"Wannan rigar taki ce?"

"Tawa ce. Ranar Laraba na neme ta na rasa. A can na rataye ta, kusa da tagar baya."

"Me ya hana ki kai ƙara?"

"Wurin wa? Mai unguwan da ko gaisuwata ba ya amsawa?"

Insfekta ya je tagar. Ƙarafa ne a gicciye, hannu zai shiga amma mutum ba zai shiga ba. Ta nan aka zaro rigar da ƙarfin tsiya. A bakin wani ƙarfe mai kaifi ya ga guntun baƙar fata, bai fi ɗan yatsa ba. Ya cire shi ya sa a ambulan.

Ya dawo ya miƙa mata jaket ɗin.

"Duba ta da kyau. Akwai abin da ya canza?"

Zakiyya ta karɓa tana yatsina saboda warin bunsuru. Ta bi gaba, ta bi baya. Da yatsunta suka kai kafaɗar hagu sai suka tsaya. Ta daɗe a haka, fuskarta ta sauya, bakin nan mai kaifi ya mutu.

"Ta yage?" in ji Insfekta.

"A'a."

"Kin tabbata?"

"Yadda na ɗinka ta haka take." Ta tura masa rigar kamar ta ƙona ta.

Ya bar kurata biyun a ƙofar shagon, ya ce duk wanda ya matso da ashana su karya masa hannu. A cikin mota ya shimfiɗa jaket ɗin a cinyarsa. Duk ɗinkinta na keke ne, sai kafaɗar hagu. A nan an cike wata 'yar yaga da guntuwar fata, an ɗinke da hannu, ƙanana a jere kamar haƙoran masara, an bi da baƙin rini. In ba ka shafa ba, ba za ka gani ba.

"Ƙarya ta yi mana," in ji Ramlat.

"Na sani. Ɓarawo ya yaga riga a taga, ya koma gida ya zauna ya gyara ta. Ita kuma da za a ƙona wa shago ta gani ta yi shiru." Ya yi tsaki. "Wallahi garin nan ya fara ba ni haushi. Bunsurun nan dai ba da ƙafarsa ya zo ba, nemo min Basirun nan."

A bayan injin niƙa suka same shi, ya ɓoye babur ɗinsa a cikin kara. Idonsa ɗaya ya kumbura, leɓe a fashe. Matasa sun riga sun taɓa shi da safe, saboda shi ke ɗaukar kayan Zakiyya.

"Ni ban san komai ba, Yallaɓai. Ni ɗan aike ne."

"Ban tambaye ka ba tukuna. Ina ka je ranar kasuwar Ɗambatta?"

"Ban fita ba. Zazzaɓi nake yi."

"Sannu. Makon nan ka ɗauki dabba a babur ɗinka?"

"Ko kaza ban ɗauka ba. Buhun gero kawai."

Insfekta ya janye karan, ya sunkuya a kan babur ɗin. Bai ma sha wahala ba. Warin bunsuru ba ya barin wuri da sauƙi, kuma robar da ake ɗaure kaya da ita duk baƙin gashi ne. Ya tsinko guda uku ya kai wa Basiru har hanci.

"Geron garinku gashi yake fitarwa?"

Basiru ya kawar da kai.

"Saurara, Basiru. Ko ka faɗa min, ko in ɗauki robar nan in nuna wa waɗanda suka gyara maka ido. Zaɓi ɗaya, rana tana yi."

"Don Allah, Yallaɓai, kashe ni za su yi! Na ɗauko. Baƙin bunsuru ne, daga Ɗambatta. Amma ba nawa ba ne, ba kuma na Zakiyya ba."

"Na wa ne?"

"Malam Hashimu. Ya ce sadaka zai yi wa marigayi yayansa. Ya ce in sauke shi a bayan gidansa, kada in faɗa wa kowa, don kada ladan ya ragu. Har rantsar da ni ya yi."

"Da ka ga bunsuru a maƙabarta da safe, bakinka ciwo yake?"

"Wa zai yarda da ni? Ɗan acaɓa da mutumin sahun gaba a masallaci?"

Insfekta ya ce wa Ramlat ta rubuta bayaninsa. Shi kuma ya koma mota, ya kwance bel ɗinsa na aiki, ya ɗauki reza ya yanke ɗinkin da ke riƙe da kan bel ɗin. Ramlat ta dawo ta tarar da shi yana wannan ɓarna.

"Yallaɓai, lafiya?"

"Baƙin bunsuru ba ɗaya ba ne a duniya, Kofur. Zai ce nasa daban. Ina son abin da ba zai iya musawa ba."

Rumfar Malam Hashimu tana gefen masallaci. Gafakar Alƙur'ani guda shida a rataye, duk sun yi ƙura, da kuben wuƙa, da 'yan takalma. Aiki ne mai kyau, wannan ko maƙiyi zai faɗa. Sai dai da gani an daɗe ba a taya ba.

"Malam, bel ɗina ya tsinke. Ko za ka taimaka?"

Dattijon ya ɗan yi jim, sannan ya karɓa. Da fata ta shiga hannunsa sai rawar muryar nan ta safe ta ɓace. Ya ɗauki basilla ya fara aiki, ko kallon hannunsa ba ya yi.

"An ce ka sayi bunsuru a Ɗambatta."

"Haka ne. Sadakar ɗan'uwana."

"Baƙi?"

"Shi na samu."

"Yaushe ka yanka?"

"Litinin."

"Wa da wa suka ci naman?"

"Mabuƙata. Ba a tallar sadaka, Yallaɓai. Kai ma ka sani."

"Na sani. Ina fatar?"

Basillar ta tsaya.

"Na yar."

"Ka yar."

"Ta lalace wurin fiɗa."

Insfekta ya dubi rumfar. A bango an kafe fatar wani ɗan akuya da bai fi tafin hannu biyu ba. A ƙasa ga gwangwani cike da guntayen fata, wasu ko farce ba su kai ba, amma an adana. Mutumin da ba ya zubar da wannan, shi ne wai ya yar da fatar bunsuru sukutum. Haba Malam!

Dattijon ya ƙarasa ɗinkin. Ya koma baya sau uku, ya gicciya zare, ya yanke. Sai ya tsoma tsinke a wani ɗan kasko ya shafa baƙin rini a kai.

"Mene ne wannan?"

"Kuloko. Rininmu na dukawa. Ba na barin zare tsirara."

"Madalla," in ji Insfekta, ya karɓi bel ɗinsa.

A mota ya ɗora bel ɗin kusa da kafaɗar jaket. Ramlat ta duba, ta riƙe baki.

"Mu koma mu kama shi, Yallaɓai."

"In na ɗauke shi a ɓoye, za su ce yarinyar ta saye 'yan sanda an kama bawan Allah. Kafin mu kai ofis shagon ya zama toka. Da idonsu za su gani." Ladan ya fara kira. "Je ki zauna da ita. Ni zan yi sallah tare da su."

Ana sallamewa kuwa gari ya ɗunguma. Mutanen da yanzun nan suka ji huɗuba a kan haƙƙin maƙwabci, su ne suka nufi shagon marainiya da sanduna. Ƙaton nan mai jarka yana gaba. Tir!

Sun tarar da Insfekta tsaye a kan dakalin shagon, jaket a hannu ɗaya, bel a ɗayan. Zakiyya tana bakin ƙofa, Ramlat a gefenta.

"A ba mu hanya!" wani ya yi ihu. "'Yan sanda abokan matsafa!"

"Kai mai jarka, na san fuskarka," in ji Insfekta. "In digo ɗaya ya zuba, a gidan yari za ka yi furfura. Minti biyar nake so. Bayan nan in kun ga tsafi, ni zan ba ku ashana."

Hayaniyar ta ɗan lafa.

"Wa ya ga bunsurun nan da idonsa? Ina ya fuskanta?"

Can wani tsoho ya ce, "Gabas."

"Jinin fa?"

"A rami."

"To wanda ya yanka shi ya yi bisimilla, ko ku so ko ku ƙi. Ba tsafi aka yi ba, wasan kwaikwayo aka shirya muku, kuka hau kuka zauna. Yanzu wa ke da wuƙa mai kube a jikinsa?"

Manoma ne, hannu ya fi goma ya tashi. Insfekta ya karɓi ta tsohon nan, ya kira mai unguwa.

"Kai mai yanke hukunci, zo ka yi aiki. Duba ƙarshen ɗinkin kuben nan. Me ka gani?"

Mai unguwa ya duba a daƙile. "An koma baya sau uku, an gicciya."

"Duba bel ɗina. Ɗazu aka ɗinka shi."

"Haka yake."

"Duba kafaɗar rigar nan. An sace ta ta taga, ƙarfe ya yage ta, ga guntun da ya rage a tagar. Wanda ya sace ta shi ya gyara ta. Me ka gani?"

Mai unguwa ya shafa wurin, ya kai hanci ya ji warin kuloko. Ya miƙa wa tsohon, tsohon ya miƙa wa na kusa da shi. Rigar da ɗazu ba mai iya matsowa kusa da ita, ga ta tana yawo hannu-hannu. Babu gidan da ba shi da gafaka ko kube mai wannan ƙulli a Kanyar Maje. Insfekta bai ambaci suna ba. Kawunan mutane ne suka juya da kansu.

Malam Hashimu yana tsakiyar taron, carbinsa ya daina tafiya.

"Ɗinkin Malam ne," in ji tsohon, a hankali.

"Sharri ne!" in ji Malam Hashimu. "Ai ni na koya mata! Ita ma ta iya!"

"Ta iya," in ji Insfekta. "Amma ba ita Basiru ya sauke wa baƙin bunsuru a bayan gida ba. Ka ce ka yanka Litinin ka raba. Ga gari gaba ɗaya a tsaye. Wanda ya ci naman sadakar Malam ya ɗaga hannu."

Ko ɗaya bai tashi ba.

"Ka nuna mana fatar, in ba ka haƙuri a gaban kowa."

Dattijon ya zauna a ƙasa daɓas.

"Ni ne," ya ce.

Salati ya tashi ko'ina. Insfekta ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Me ta yi maka?"

"Shekara arba'in ina ɗinka wa Littafin Allah gida." Yanzu babu rawa a muryarsa, ɗaci ne zalla. "Shekara arba'in, kayana ba su taɓa wuce Ɗambatta ba. Yarinyar da na koya wa zare ta zo ta ɗinka kan gawa, sai ga kayanta a Legas. Fatar kirki in ta fito daga majema, wurinta ake kaiwa, ni a kawo min saura. In na wuce majalisa a ce ga baffan mai kayan aljanu. Sana'ar ubanmu ce ta mayar abin dariya, ni kuma ta mayar da ni tsohon banza. Na ce ta tafi. Ta koma can wurin masu sayen."

"Ka san da fetur za su zo?"

"Korarta kawai na so a yi."

"Ka ga jarkar da safe, ka ce addini ya fi jini."

Insfekta ya matso kusa da shi.

"Wa ya aike ka gyara rigar? Da ka bar ta a yage, da yanzu shagon nan yana ci da wuta."

Malam Hashimu ya kalli hannayensa, yatsun duk baƙin kuloko.

"Na shimfiɗa ta a ɗaki na ga yagar. Fata ce mai kyau, Yallaɓai. Na yi kwana biyu ina kawar da kai. Ban iya ba."

"Alƙibla fa?"

Ya ɗago da mamaki na gaske. "To ta yaya zan yanka?"

Kurtu ɗaya ya ɗaga shi ya sa masa ankwa. Mai jarka ya nemi sulalewa, ɗayan kurtun ya damƙe masa wuyan riga. Mai unguwa ya gyara murya ya matso wurin Zakiyya.

"'Yata, sai haƙuri. Sharrin shaiɗan ne ya..."

"Ni ba 'yarka ba ce. Ka aiko a wanke min allona."

Ta sauko daga dakalin ta tsaya gaban baffanta. Idonta ya yi ja, amma ba ta yi kuka ba.

"Ina taɓa kafaɗar nan na gane hannunka, Baffa. Na yi wa hukuma ƙarya saboda kai. Na ce gara su ƙona shagon da a ce ƙanin ubana ne. Tun safe nake zaune ina jira, na ce kafin a sauko daga masallaci zai zo, ba zai bari ba." Ta dube shi ido cikin ido. "Sai ga ka a tsakiyarsu."

"Zakiyya..."

Ta juya ta shiga shago. Jim kaɗan ta fito da wata tsohuwar basilla mai ƙotar icce, duk ta yi santsi saboda riƙo. A saman kekenta take rataye tun ranar da ta buɗe shagon. Baffan nata ne ya ba ta tana shekara tara.

Ba ta miƙa masa ba. A hannun Ramlat ta sa.

"Kofur, a haɗa masa da kayansa."

"Rigar fa?" in ji Insfekta. "In kotu ta gama da ita za a dawo miki."

"Kada a dawo. Ba na sayar da ɗinkinsa da sunana."

Ta koma ciki, ta bar ƙofar a buɗe.

Aka tura Malam Hashimu bayan mota. Taron ya buɗe musu hanya, kowa ido a ƙasa, sandunan nan an rasa inda za a ajiye su. Kafin a tayar da injin, sai ƙarar keken ɗinki ta taso daga cikin shagon, guda ɗaya, da ƙarfi.

Sun shiga tsakanin gonaki, gero ya rufe garin, sannan dattijon ya yi magana.

"Kofur, don Allah in ga basillar."

Ramlat ta dubi Insfekta.

"Ba a ba wanda ake tuhuma abu mai tsini," ya ce, bai ko waiwaya ba. "Sa ta a ambulan."

Ta sa, ta liƙe. Malam Hashimu ya kifa kansa a kan ankwar ya fashe da kuka. Babu wanda ya ce masa sannu har suka isa ofis.